Layin da Roda Ta Bari a Gona

Shamuwa ta riga Amos dawowa a shekarar nan, shekara ta uku da samun mulkin kai. Matarsa Roda ta fito da safe da faifai a hannu, sai ta ga tsuntsayen sun jeru a kan rimin bakin unguwa suna gyaran fuka-fukai, kamar waɗanda ba su taɓa barin garin ba. Ta tsaya tana kallonsu har 'yarta Jane ta motsa a goye. Kowa a ƙasar Gozaki ya san idan shamuwa ta sauka ruwa na bisa hanya, kuma 'yan cin rani na biye da ruwan.

Amos ɗan cin rani ne. Da aka kai amfanin gona gida aka ci Kirsimeti, ya naɗe tabarmarsa ya tafi haƙar kuza ƙasar Jos. Kafin ya tafi ya yi abin da kowane maigida ke yi. Ya fitar da damman da za su ci ya zuba a ƙaramin rumbun Roda. Ya zaɓi zangarniyoyin dawa kaura mafi cika, irin da ya gada wurin ubansa, ya shimfiɗa su cikin babban rumbun gandu, ya ɗora murfi ya liƙe da laka. Yana wanke hannu ya ce mata, "Kafin shamuwa ta gama sheƙa ina nan." Roda ba ta ga abin musu a ciki ba.

A unguwar su Roda mace tana noma. Tana da gayaunarta, wato 'yar gonarta ta kanta, tana riƙe fartanya, tana ɗaukar damin da wani namijin zai yi nishi kafin ya ɗaga. Abu ɗaya ne ba ta yi, ba ta ɗaga murfin rumbun gandu. Mutanen nan sun karɓi bishara tun zamanin iyayensu, sun bar tsafi, wasu har giya sun bari, amma wannan kam ba su bari ba. Mace ba ta hawa tsanin rumbun nan sai ranar da ta tabbata mai rumbun ya riga mu gidan gaskiya. In ka hango murfi a ƙasa da mace a kan tsani, ba sai an aiko maka ba, ka ɗauki sandarka ka tafi gaisuwar mutuwa. Ƙane ko ɗa namiji na iya buɗewa, to amma Amos shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yan uwarsa Tsohuwa, kuma ɗiyar da ya haifa ga ta nan a goye. Haka kuma layin farko na gandu, maigida ne ke sara shi da hannunsa kafin kowa ya jefa ƙwaya.

Ruwan farko yayyafi ne, ya kwantar da ƙasa ya tayar da ƙamshi ya wuce. Tsohuwa, wadda idonta ya fara dishi-dishi amma hancinta na nan garau, ta shaƙa ta ce wannan na gaisuwa ne kawai. Na biyu kuwa ya zo da gaske. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, ya zuba har kwaɗi suka sami bakin magana. Da gari ya waye unguwa ta zama kango, babba da yaro kowa na gona. Daga tsakar gida Roda tana jin saran sungumi ta ko'ina, tana hango mata na bin mazansu a baya, suna jefa iri suna takewa da diddige.

'Yan cin rani suka yi ta dawowa, wani da fitilar ƙwai, wani da bargo, wani da tari. Ta tambayi duk wanda ta gani. Suka ce ai tun tsakiyar rani Amos ya koma wani sansanin haƙa, ba su ƙara haɗuwa ba. Maƙwabciyarta Salome, mai saurin kuka da saurin dariya, ta ɗebo mata iri cikin ƙoƙo, ya ishi gayauna kawai. Bara ba ta yi albarka ba, kowa irinsa daidai gonarsa. Gandu kuwa, wanda shi ke ciyar da gida shekara guda, yana kwance ya sha ruwa yana jira, irinsa kuma yana cikin rumbu, taku kaɗan daga inda Roda ke daka.

"Inna," ta ce wa surukarta, "ko in je bakin hanya?"

"Je ki, 'yata. Zama ba ya kawo shi, tafiya ma ba ta kawo shi, amma ƙafa ta fi zuciya son aiki."

Bakin hanya yana da ɗan nisa, can inda jar hanyar mota ta ratso daga wajen Kafur. Wanda ya sauka jirgin ƙasa a Funtuwa, ya hau babbar mota, nan yake sauka ya ƙarasa da ƙafa. A wurin akwai shinge, wani dogon ƙarfe da aka gicciya, da bukka, da wani dattijo mai gemu, Malam Sanda, wanda aikinsa ke nan: in an yi ruwa ya sauke ƙarfen, kada manyan motoci su kwaɓe hanya, sai ta bushe ya ɗaga. Akwai irinsa a gaba, akwai irinsa a baya, har Funtuwa. Ranar da Roda ta fara zuwa ta tarar da motoci sun yi layi a bayan shingen, direbobi sun shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin motocinsu, fasinjoji sun bazu a gindin itatuwa, wata mata har ta hura wuta tana toya ƙosai. Ba mai gaggawa, don gaggawar ba ta da inda za ta.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu 'yar nan. Matar Amos ce ko? Bai iso ba?"

"Bai iso ba, Baba."

Malam Sanda ya fita tsakiyar hanya, ya danna diddige a ƙasa, ya duba gurbin, ya girgiza kai ya dawo. "Kin ga abin mamaki," ya ce, "ruwan da ya ce ki yi shuka, shi ya ce in rufe hanya. Wataƙila mijinki na can bayan wani shingen yana zagin wani Sanda. Mu yi haƙuri, da ni da ke duk ba mu da iko da sama."

Suna cikin haka wata ƙaramar mota ta taho da lasifika a ka, ta 'yan siyasa. Doka ba ta hana ƙananan motoci ba, don haka Malam Sanda ya ɗaga mata ƙarfe. Mai lasifikar ya leƙo ya shaida wa jama'a cewa in an zaɓe su za a malala kwalta a hanyar nan, ba sauran jira, nan ba da daɗewa ba. Suka wuce suna fesa wa mai ƙosai taɓo. Jama'a suka bi su da ido. Wani direba ya gyara kwanciya ya ce Allah ya nuna mana, ya ja hula ya rufe fuska.

Roda ta mai da bakin hanya wurin zuwanta. In ta gama da gayauna sai ta goya Jane ta tafi, ta zauna a gindin wata ɗorawa. Rana na dukan jiƙaƙƙiyar hanya, tururi na tashi, komai na nesa yana rawa. A cikin tururin nan duk namijin da ya diro daga mota Amos ne. Ga tafiyarsa, ga yadda yake karkata kafaɗa in ya ɗauki kaya. Sai ya matso ya zama wani. Wani lokaci gyangyaɗi ya ɗauke ta, ta ga motocin da ke jira sun yi saiwa a inda suke, karan dawa ya tsiro ta tagoginsu, direbobi suna zaune suna korar tsuntsaye. Ta ga Amos yana tafe a kan hanya da sungumi, yana sara yana tahowa, hanyar kuma tana ƙara tsawo a gabansa. Ta buɗe ido ta ga Malam Sanda yana alwala, Jane na wasa da tsakuwa.

Tana son mijinta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Tana kuma jin haushinsa, haushi mai zafi, irin wanda ake ji game da mutumin da ba ya nan balle a faɗa masa. A hanyar komawa gida takan bi ta gefen gonakin mutane, ta ga dawarsu ta huda ƙasa, ta yi kunne, ta kai idon sawu. In ta iso gandunsu sai ta kau da kai, don ciyawa ce kaɗai ke murna a ciki.

Wata safiya Tsohuwa na zaune a bakin ɗaki ta karkata kunne wajen rimi. "Kin ji?" ta ce.

Roda ta saurara. Can sama, ƙarƙashin hayaniyar manya, akwai wani ɗan siririn kuka. Shamuwa ta ƙyanƙyashe.

"Kakan wannan yarinya yakan ce in 'ya'yan shamuwa suka leƙo da kai daga sheƙa, kaura ta rufe ƙofa. Wanda ya shuka bayan nan, kara zai girba," in ji Tsohuwa.

"To Inna, ya zan yi?"

Tsohuwa ta juya fuska wajen babban rumbu. Ba za ta ce a buɗe ba, don faɗin haka daidai yake da ta ce ɗanta ya mutu. Ba za ta ce a bari ba, don ta taɓa ganin shekarar yunwa da idonta, ta binne 'ya'ya a cikinta. Sai ta jawo zare da mazari ta kama kaɗi.

Ran nan Roda ta koma bakin hanya, ta zauna har rana ta karkata. Hanya ta bushe, Malam Sanda ya ɗaga ƙarfe, motoci suka wuce ɗaya bayan ɗaya, suka sauke wanda za su sauke. Ba Amos. Tana tashi ta ga gabas ta haɗe, baƙi ƙirin. Malam Sanda ya dubi sama ya dube ta.

"'Yar nan, ni in na ɗaga da wuri hanya ta lalace, in na daɗe a zage ni. Amma hanya ana gyara ta. Gonarki kuwa, ban sani ba ko tana gyaruwa in lokaci ya wuce."

Ruwa ya same ta a hanya, ta iso gida sharkaf. Ya kwana yana zuba, da asuba ya ɗauke.

Gari na wayewa Roda ta kwance Jane ta ajiye ta kusa da kakarta. Ta ɗauko tsani ta jingina da babban rumbu. Ta tsaya riƙe da shi. Ta ce a ranta, ya Ubangiji, ka san ban ce ya mutu ba. Ta sa ƙafa a matakin farko, tsanin ya goce a kan taɓo. Sai ta ji ya tsaya cak. Ta duba ƙasa, ga Tsohuwa ta lallaɓo ta riƙe shi da hannu biyu, ta kau da fuska gefe, hawaye na bin kumatunta. Roda ta hau.

Lakar ta yi laushi da ruwa. Roda ta ɓamɓare ta, ta ɗaga murfin ta sauke shi ƙasa. Ƙamshin rumbu ya bugi fuskarta, ƙamshin kaka da toka da hannun Amos. Zangarniyoyin na nan yadda ya jera su, kai da kai.

Ba ta sauko ba ta ji ihu ta bayan danga. Salome ce ta fito zubar da toka, ta hango murfi a ƙasa da mace a kan tsani. Ta yar da kaskon ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Amos! Wayyo Roda, 'yar'uwata!" Kafin a ce kwabo matan zumuntar majami'a sun cika gidan, wasu da zani a hannu ba su gama ɗaurawa ba. Wani ma ya ruga ya buga ƙarfen majami'a. Masu kuka na yi, masu waƙar ta'aziyya sun ɗauko baiti, Salome kuwa tana birgima a taɓo.

"Ba wanda ya mutu!" in ji Roda daga kan tsani. "Ku ji ni, ba wanda ya aiko da komai. Iri nake ɗiba."

Suka dube ta da tausayi. Wata dattijuwa ta ce haka ne, 'yata, haka zafin yake sa mutum ya faɗa. Roda ta ga ba za ta iya da su ba. Takaici ya kama ta, dariya kuma na neman kuɓuce mata. Ta miƙo damin zangarniya ta ce, "To tunda kun zo, ku karɓa. Mai kuka ta yi kukanta tana sussuka."

Haka aka yi. Suka sussuke irin suna sharɓe, suka sheƙe, suka zuba a ƙore. Roda ta saɓa sungumin Amos a kafaɗa ta yi gaba, suka bi ta a baya har gandu. A bakin gona ta tsaya inda Amos yakan tsaya, wajen tsohuwar kaɗanya. Ta dubi layin farko, wanda ya miƙe daga nan har ƙarshen gona. Ta tsallake shi, ta kai sara a na biyu.

"Kin bar layi," in ji Salome.

"Na sani. Na mai shi ne."

Daga nan kukan ya fara raguwa. Roda na sara, mata na bi suna jefawa suna takewa, waƙar ta'aziyyar ma ba a san lokacin da ta juye ta koma ta aiki ba. Kafin rana ta faɗi sun shuke gandu kaf, ban da layi ɗaya.

Kaura ta fito. 'Ya'yan shamuwa suka leƙo, suka yi gashi, suka fara gwada fiffike. Roda ta daina zuwa bakin hanya, don noma bai bar ta ba. Unguwa ta rasa yadda za ta ɗauke ta. Wasu na gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa kamar mai takaba, wasu na tambayarta labarin maigida. Ita kuwa kullum ta shiga gona, layin nan take fara nomewa. Ba komai a cikinsa, amma ba ta bar ko tsinken ciyawa ya kwana ba. Dawa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta yi duhu, layin ya zama wata 'yar siririyar hanya a gefen gona. Wani lokaci da hantsi, in iska ta kaɗa ganye, takan ji kamar ana tafiya a cikinsa. Ta ɗaga kai, ba kowa. A irin wannan lokaci tsoro kan kama ta, ta ce ko hannunta ne ya jawo abin da murfin ke nufi.

Wata safiya bayan ruwa ta iso da fartanya, ta tsaya turus. An taɓa layin. Ga 'yan ramuka an huda da tsinin sanda, a karkace, ba kyan gani, kuma a cikin kowanne ga wake fari yana kallon sama, ba a rufe ba. Ranta ya ɓaci. Wane marar hankali ne zai shiga gonar mutane, kuma wane irin manomi ne zai jefa iri ya bar wa kurciya? Ta kai diddige ta rufe na farko don haushi, ta rufe na biyu. A na uku ta lura da sawun. Ƙafa ɗaya ce ta taka sosai, ɗayar yatsu kawai ta dangwala, ga kuma gurbin sanda a gefe.

Ta bi layin. Ganyen dawa na shafar Jane a goye, raɓa na jiƙa mata zani. Wajen tsakiyar gona ta gan shi zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafa ɗaya da aka naɗe da tsumma. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Hularsa na kan cinyarsa, da wake a ciki. Roda ta tsaya, ta jira ya matso ya zama wani, kamar yadda suka saba yi mata a bakin hanya. Bai zama kowa ba.

"Sannu da aiki, uwar Jane," ya ce.

"Sannu da zuwa, maigida." Muryarta ta fito kamar ba tata ba.

"Kurkunu ne. Ya fito mini a ƙafa ana gobe zan taso. Wani bawan Allah ya ajiye ni a zaurensa. Kin san abin, a tsinke ake naɗe shi, kullum ɗan kaɗan. In ka ja da ƙarfi ya tsinke a ciki, ka rasa ƙafar. Ina kwance ina jin ruwa na zuba a kan rufi, ina cewa yau ana shuka a gida." Ya gyara zaman ƙafar. "Jiya mota ta kwana a shingen Malam Sanda. Da asuba na ce ba zan iya jiran wayewar gari ba, na taho a hankali. Na ce bari in fara ganin gona, in san da wace fuska zan shiga gida."

Ya ɗaga kai ya dubi dawar da ta yi masa rumfa. Ya kama ganye ɗaya ya murza, ya gane irin ubansa.

"Wa ya buɗe rumbu?"

"Ni ce. Inna ta riƙe mini tsani."

Ya saki ganyen. Roda ta tsaya tana jira, ta shirya wa faɗa, ta shirya wa shiru.

"An yi makokina ke nan."

"An yi. Salome har da birgima."

Dariya ta kama shi, ta koma tari, ta koma wani abu da ya sa ya rufe ido da bayan hannu. Roda ma ta fashe da kukan da ta hana kanta tun ranar da shamuwa ta sauka. Jane ta leƙo ta kafaɗar uwarta tana kallon baƙon da ba ta gane ba.

Da suka natsa ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Ya dubi sauran layin da ya rage, a share tas har ƙarshen gona.

"Dawa ta wuce ni bana," ya ce. "Wake na samu a Funtuwa, shi yanzu ne lokacinsa. Amma ƙafa ɗaya ba ta rufe rami, na gwada na faɗi."

Roda ta share fuska da gefen zani, ta gyara goyo, ta ajiye fartanya.

"Huda mu je," ta ce.

Ya huda ya jefa, ya ɗingisa gaba. Ta biyo shi a baya tana takewa.